Ɗan Tagwayen da Bai Yi Barci Ba

Da bayan hannu yake taɓa su, ɗaya bayan ɗaya, kamar uwa mai duba goshin 'ya'yanta da safe. Wannan da ɗumi, wannan ma da ɗumi, na can ƙasa ya ɗan fi zafi, amma shi haka jininsa yake tun ranar da aka kawo shi. Ɗakin ƙarami ne, a ƙarshen barandar asibitin ido, bayan ɗakin awo da wurin yanka tabarau. Ba shi da taga, sai na'urar sanyaya ɗaki mai tari kamar tsohon mashayin taba. A cikin dogon akwatin ƙarfe injinan suke jere, waɗanda 'yan sana'ar ke kira saba. Duk abin da asibitin ya sani a cikinsu yake: sunan kowane majinyaci, awon idonsa, hoton cikin ƙwayar idon, maganin da aka rubuta masa, da ranar da aka ce ya dawo.

In ya gama da na gida sai ya zauna, ya goge tabarau da gefen riga, ya buɗe allon kwamfuta ya gaida na nesa. Kowane inji a ɗakin nan yana da ɗan'uwa mai kama da shi sak, a wata ƙasa da bai taɓa takawa ba, a ɗakin wani kamfani da bai taɓa ganin ƙofarsa ba. A gajimare suke, in ji masu iya magana. Aikin ɗan'uwan nan barci ne. Yana kwance, ido a rufe, kunne a buɗe. Duk abin da aka rubuta wa na gida sai a raɗa masa, ya haɗiye, ya ci gaba da barcinsa. Ranar da gobara ko ambaliya ta ci na gida, sai a tashe shi ya ɗauki aiki daga inda aka tsaya. A kan allo kowannensu yana da layinsa, da sunansa, da ɗan ɗigon haske a gefe. In ɗigon kore ne, lafiya lau.

Shi ya sa duk asibitin ke kiransa Baban Tagwaye. Sabbin ma'aikata kan yi masa fatan alheri, su tambayi shekarun yaran. Yakan ce suna nan ƙalau, barci ne dai ya yi musu yawa.

Yau ce ranar sallamar tagwayen nan na nesa. Asibitin ya koma sabon tsari, na wani kamfani dabam mai nasa masu gadin, an kwashe kayan injinan gida tas an zuba a can. Yarjejeniya da tsohon kamfanin kuwa za ta ƙare da tashin aiki na yau. Jiya Manaja ta leƙo, yarinya ce a kansa amma kaifin kanta ya isa, ta ce, "Baba, gobe ka cire su duka, ka share wurin. Ina so in shaida wa kamfanin ba mu bar ko tsinke ba. In ma mun bari, da yamma ta yi su za su share da kansu." Ya ce to. Ya san abin da cirewa take nufi a wannan sana'a. Ba kwandon shara ba ne da za ka sa hannu ka zaro abin da ka jefa bisa kuskure. Abin da aka cire ya bi iska.

Ba da ilimin inji ya fara ba. Ya shigo asibitin nan yana saurayi, a ɗakin kati, lokacin da katunan na takarda ne a kan kantoci har rufi, suna warin ƙura da man shafawa na hannun mutane. Da aka kawo kwamfuta ta farko, manyan ɗakin suka ja da baya kamar an shigo da maciji a kwando. Shi ne ya matsa kusa, ba don jarumtaka ba, sai don kujerarsa ce ta fi kusa da soket. Daga nan aka tura shi makarantar yamma, daga nan aka ba shi makullin ɗakin nan mai sanyi, daga nan furfura ta same shi a ciki.

Amma son abu biyu ya girmi aikin. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinki da ƙarfin hali. Wata rana ta rataya masa makullin ɗakinsu a wuya da zare, ya tafi wasan ƙwallo, ya dawo da zare babu makulli. Suka zauna a bakin ƙofarsu kamar baƙi, kayan mutane na ciki an yi alkawarinsu, har sai da kafinta ya zo ya ɓalle ƙyauren. Yaya ba ta doke shi ba. Kallonsa kawai ta yi, kallon da ya fi bulala daɗewa a jiki. Tun daga ranar komai nasa biyu ne: makulli biyu, tabarau biyu, tocila biyu, har alƙalami in ya saya sai ya sayo masa abokin zama. Matarsa, wadda yake kira Malama domin koyarwa take yi, takan ce, "Kanka ne kawai ba ka yi wa na biyu ba, shi kuwa kullum a ofis kake manta shi."

Abu guda ne yake ci masa rai in ya tuna. Sau ɗaya tak aka taɓa tashin tagwayen nan, shekarun baya, ranar da ɗakin janareto ya kama wuta, hayaƙi da ruwan 'yan kwana-kwana suka lalata injinan gida. Ranar yana kwance a gida, zazzaɓi ya mayar da shi tsumma. Abokin aikinsa na lokacin, wani mai suna Dogo saboda tsawonsa, shi ya tashe su, shi ya riƙe asibitin da su har aka gyara ɗakin, shi ya mayar da su barci. Baban Tagwaye ya dawo ya tarar an gama biki an share fili. Labari kawai ya sha, kamar uban da aka yi wa 'ya'yansa yaye ba ya gari.

Da safiyar yau, yana ɗaura agogo, Malama ta ce, "Yau ne za ka yanka 'ya'yan naka?"

"Ba yanka ba ne, sallama ce."

"Ko ma mene ne, ka ci wani abu kafin ka fita, kada ka yi musu kuka da yunwa. Kuma ka tuna yau Yaya za ta ga likita a tsallake. Ka kira ta da yamma."

Ya tuna. Asibitin yana da ƙaramin reshe a tsallaken gada, kusa da gidan Yaya, can take zuwa tun da hawan jinin ido ya kama ta. Duhu yana cin ganinta daga gefe, a hankali, kamar yadda gara ke cin tabarma. Likitan can yakan ɗauki hoton cikin idon, ya jera shi da na bara da na bara waccan, ya ga ko duhun ya tsaya ko yana tafiya. Daga jerin hotunan nan ne za a yanke ko a yi mata aiki ko a bar ta da maganin ɗigawa.

Ya fara cirewa da hantsi. Aikin ba wuya, shi ya sa yake da ban tsoro. Sai ka yanke raɗar da ke tsakanin na gida da na nesa, sai ka raba na nesa da kamfanin, sai allo ya tambaye ka ko ka tabbata, ya ce ka rubuta sunan injin da hannunka, don kada gobe ka ce tuntuɓe ka yi. Ya rubuta Kanti, na ɗakin magani. Layin ya ɓace, na ƙasa suka matso sama kamar mutane a kan benci in ɗaya ya tashi. Ya rubuta Awo. Ya rubuta Tabarau. Kowanne sai ya faɗi sunan a hankali kafin ya danna, bai san dalili ba. Ya zaci zai ji wani abu mai nauyi, sai ya ji kamar mai cire ƙusoshi daga bangon gidan da zai tashi.

Ya zo kan Kati, babban cikinsu, mai riƙe da tarihin majinyata. Ya duba, ya sake dubawa, ya rubuta sunan, ya danna. Kati ya tafi.

Saura ɗaya. Shi ma sunansa Kati, sai dai da ɗan ƙaramin harafi a wutsiya. Tun bayan gobara yake nan. Baban Tagwaye ya gan shi ranar da ya dawo daga jinya, ya ce a ransa Dogo ya yi hankali: abu mafi daraja ya yi masa masu gadi biyu. Ga mutumin da ke sayen alƙalami bibbiyu, wannan ba abin tambaya ba ne. Kullum da safe ɗigonsa kore ne, kullum yana gaishe shi ya wuce.

Har ya sa yatsa a kan harafin farko, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan zane a gefen allo, wanda ke nuna numfashin inji. Na sauran da ya riga ya cire duka a miƙe ya gan shi kamar zaren da aka ja, domin tun da aka koma sabon tsari babu mai rubuta wa injinan gida komai, balle a raɗa wa na nesa. Na wannan kuwa yana hawa yana sauka.

Ya cire tabarau ya goge. Yana hawa yana sauka. Ya zaro na biyun daga aljihu ya sa. Zanen bai fasa ba.

Ya ja zanen baya, ya ga na jiya, da na shekaranjiya, da na watan da ya wuce. Abin yakan farka da safe lokacin da ake buɗe ƙofofi, ya yi ta haki har rana ta take, ya ɗan lafa kamar mai cin abinci, ya sake tashi, da yamma ya kwanta. Ranar hutu shiru. Wannan ba numfashin mai barci ba ne. Numfashin ma'aikaci ne mai zuwa aiki a kan lokaci.

To wa ke yi masa magana? Ya tashi ya je ya taɓa Kati na gida, kamar zai tambaye shi. Yana nan da ɗuminsa, babu abin da ke shiga, babu abin da ke fita. Ya dawo ya zauna. Ya yi tunanin ɓarayin bayanai, amma wane ɓarawo ne ke hutun cin abinci? Ya yi tunanin mutanen sabon kamfani, amma su sun gama kwasa tuntuni, sun yi sallama. Ya yi tunanin ko allon ne ya tsufa kamar mai shi. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ya rasa ta inda zai ɗanɗana.

Ana cikin haka Manaja ta turo ƙofa, waya a hannu.

"Baba, an gama?"

"Saura ɗaya, ranki ya daɗe."

"To bismilla."

"Yana motsi."

Ta dube shi, ta dubi allon. "Ai inji ne, ba gawa ba."

"Ai barci ya kamata a ce yana yi."

"Tsaya in gane. Na gidansa yana ina?"

"Ga shi can a akwati."

"An kwashe kayansa zuwa sabon tsari?"

"Tas."

"Wannan kuma kwafinsa ne?"

"Haka sunansa ya nuna."

"To me ya rage?"

Ya sosa ƙeya. "Kama da wane ba wane ba ce, Manaja."

"Baba, don Allah, ba a fafe gora ranar tafiya. Wata nawa muna shirin nan? Jiya na shaida wa Babban Likita komai ya kammala." Ta sassauta murya. "Na san ka saba da su. Amma sabo ba dalili ba ne."

"Ba sabo ba ne. Ko kuwa sabon ne, ban sani ba. Ki ba ni zuwa azahar."

Ta yi ajiyar zuciya ta fita.

Ya nemo lambar Dogo, wanda ya bar aikin da daɗewa ya koma kiwon kaji a bayan gari. Wayar ta yi ta ƙara kafin a ɗauka, kuma abin da ya fara shigowa kukan kaji ne, ɗaruruwa, kamar kasuwa ta kama da faɗa.

"Kai, Baban Tagwaye! Har yanzu kana cikin firjin nan? Ba ka daskare ba?"

"Dogo, bar wasa. Lokacin gobara, da ka tashi tagwaye, ka mayar da su barci duka?"

"Duka mana. Kai, kore min wannan zakaran! Ba da kai nake ba. Na tashe su duka, na kwantar da su duka. Ina jin duka."

"Kana ji?"

"Malam, a lokacin nan ko sunana ka tambaye ni sai na duba katin aiki. Kai kana can kana shan lemo a gado."

"Akwai Kati na biyu, mai harafi a wutsiya. Kai ka yi shi?"

Kukan kaji ya cika wayar. "Wutsiya... Tsaya. Akwai dai wata waya da ta dame ni ranar da nake kwantar da su. Wani yana ta ihu kada in taɓa, wai suna tsakiyar ganin mutane. Na ce to, zan dawo kansa gobe."

"Wane ne?"

"Mace ce, ko namiji mai siririyar murya. Allah na tuba, ban riƙe ba."

"Ka koma kansa?"

"Haba, kai ma ka san goben 'yan sana'armu. Ita da goben tela uwarsu ɗaya."

Baban Tagwaye ya dafe goshi. "To yanzu ya zan yi? Da yamma za a share shi ko na cire ko ban cire ba."

"Ka manta irin ta dā? Kada ka cire. Kashe shi kawai, ka naɗe hannu, ka sa waya a gabanka. In yana da mai shi, mai shi zai yi kuka. In ba wanda ya yi kuka, maraya ne, ka yi masa addu'a ka danna. Ka ga ni, in ina son in san kazar da ke da ƙwai, hannu nake kaiwa, wadda ta sare ni ita ce. Yaushe za ka zo ka ga gonar?"

Bai manta da dabarar ba, ƙinta yake yi. Tsohuwar hanya ce ta 'yan sana'ar, ba a koyar da ita a makaranta, kuma babu mai alfahari da ita: ka tsinke igiya don ka ji wa zai faɗo. Amma da tsinkewar da ake iya ƙullawa da wadda ba a iyawa, akwai tazarar sama da ƙasa. Ya nemi maɓallin kashewa, ya karanta shi har sau biyu don ya tabbata ba na cirewa ba ne, ya danna.

Ɗigon ya koma toka-toka. Zanen ya faɗi ya miƙe.

Ya naɗe hannu. Na'urar sanyi ta yi tarinta. A baranda wani yaro yana karanta manyan haruffan gwajin ido da ƙarfi, yana kuskure, uwarsa na gyara masa duk da nas ta hana. Baban Tagwaye ya rasa abin da zai roƙa, wayar ta yi ƙara ko kada ta yi. In ba ta yi ba, ya ɓata wa Manaja safiya a banza, tsoho mai ganin fatalwa a allo. In ta yi kuwa...

Ta yi.

"Baban Tagwaye, me kuka yi mana?" Sista ce, babbar nas ta reshen tsallake, muryarta ba ta buƙatar waya. "Allo ya yi fari fat! Likita na tsakiyar duba mutum, layi har bakin titi!"

"Sista, sannu. Ta wace ƙofa kuke shiga kati?"

"Wace irin ƙofa kuma? Ɗan hoton nan dai da Dogo ya sa mana a kan allon kwamfuta lokacin gobararku. Shi muke dannawa. Bai taɓa ba mu ciwon kai ba sai yau."

"Tun gobara?"

"Tun gobara. Da ya zo zai taɓa shi ma ni na hana, muna da mutane a gaba."

"Duk abin da kuke rubutawa, da hotuna, duka a nan suke shiga?"

"To a ina za su shiga, a jakata? Mu ai muna rubutawa. Ku ne can babban gida hannunku ya fi ƙarfin rubutu. Mu turo muku mutum, ya je ya dawo, mu buɗe katinsa mu tarar wayam, ko gaisuwa babu."

Wannan maganar ya sha jin ta, amma daga ɗaya bakin. Likitocin babban gida sun yi shekaru suna cewa mutanen tsallake ragwaye ne, ba sa shigar da komai, duk wanda suka turo sai an buɗe masa sabon kati. An kawo masa ƙarar ba sau ɗaya ba. Yakan duba ɗigo, ya gan shi kore, ya ce layin intanet na tsallake ne ba shi da ƙarfi. Kowa ya yarda, domin layi ba ya da bakin kare kansa.

Sai ya ji ana kokawa da wayar, wata murya ta shigo, wadda ya sani tun kafin ya san sunansa.

"Auta, kai ne ka kashe musu?"

"Yaya, ina wuni. Ke ce a ciki?"

"Ni ce mana. An ɗiga mini magani, duniya ta zama ruwa-ruwa, bawan Allah zai gwada hoton bara da na bana, ka ɗauke masa hoto daga hannu. Tun kana yaro hannunka ba ya zama wuri ɗaya. Mayar musu da kayansu."

"To, Yaya."

"Kuma ka ce wa matarka na ga saƙonta."

Ya danna maɓallin tashi. Injin nesa ba ya tashi da sauri. Sai ya yi miƙa, ya yi hamma, ya nemi takalmansa. Baban Tagwaye ya riƙe wayar a kunne yana jin hayaniyar reshe, kujeru na ƙara, wani tsoho na tambaya ko a tafi a dawo. Ɗigon ya yi rawaya. Ya daɗe a rawaya har gumi ya tsatso masa a ɗakin da ake sa rigar sanyi. Sannan ya koma kore.

"Ya dawo," in ji Sista. "Kada a ƙara." Ta kashe.

Ya zauna yana kallon koren nan. Ashe kore iri biyu ne, kuma launinsu ɗaya: akwai na mai barci lafiya, akwai na mai aiki lafiya. Shekara da shekaru yana gaida ma'aikaci da gaisuwar mai barci. Ya yi ƙoƙarin jera abin a kansa, ya ƙi jeruwa. An haifi wannan don ya zama inuwa, sai inuwar ta tashi ta kama sana'a a tsallaken gada. Idanun mutanen can duka suna cikinsa, da na Yaya, hoto bayan hoto. Ba sa cikin na gida. Ba sa cikin sabon tsari, domin daga na gida aka kwasa. Kuma shi wannan ba shi da ɗan'uwa a ko'ina. A duk asibitin, abin da ya ɗauka ya fi kowa masu gadi shi ne ya kwana a waje shi kaɗai, ba tare da kowa ya sani ba, har shi mai gadin.

Manaja ta dawo kafin azahar ɗin.

"Sista ta kira ni tana faɗa. Me ke faruwa?"

Ya faɗa mata. Ya fara daga gobara, ya ga ya yi nisa, ya dawo kan ɗigo, ya koma kan Dogo, ya shigo da kaji ba tare da niyya ba. Ta ɗaga hannu.

"Baba, a taƙaice. Tsakanin wannan da na akwati, wanne ne na gaskiya?"

"Duka biyun."

"To wanne ne kwafi?"

"Babu. Da akwai, na cire shi ɗazu."

Ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba a ɗakin nan. "Za ka iya kwashe kayansa kafin yamma?"

"Hoton ido nauyi gare shi, ranki ya daɗe, kuma na shekaru ne. Ko yanzu na fara, yamma za ta same mu ba mu kai rabi ba. Sannan in an kwaso sai an zauna an haɗa, domin mutum ɗaya yana da kati a nan, yana da kati a can, kowanne da rabin labarinsa."

"In yamma ta yi kuma kamfanin ya share."

"Ya share."

Ta dubi agogon wayarta. "Ba za su ɗaga mana ƙafa da bakina ba. Sa hannun Babban Likita kawai suka sani. Shi kuwa yanzu zai shiga ɗakin tiyata, in ya shiga sai magariba." Ta miƙe. "Ni zan kira kamfanin in riƙe su a waya. Kai ka je ka tare shi kafin ya wanke hannu."

"Ni? Ai ke ce..."

"Ni jiya na ce masa an gama. In na je yanzu zai tambaye ni yadda aka yi, ni kuwa ban gane ba."

"Ni ma ban gane ba, Manaja."

"Ka fi ni kusa da ganewa. Tashi, Baba."

Ta fita da waya a kunne. Ya yage 'yar takarda, ya rubuta KADA A TAƁA da manyan haruffa, ya manna a gefen allo, duk da ya san babu mai shiga ɗakin sai shi. Ya gwada maganar a bakinsa. Ranka ya daɗe, akwai wani kwafi da ba kwafi ba. A'a. Ranka ya daɗe, mutanen tsallake ba ragwaye ba ne. Wannan gaskiya ce, amma ba ta nan ake farawa ba. Ranka ya daɗe, ina roƙon kwanaki. Zai ce na mene ne, kuma daga nan sai gobara, sai Dogo, sai kaji.

Ya buɗe ƙofa, zafin baranda ya tare shi. A kan dogon bencin da ke fuskantar ɗakin tiyata mutane ne zaune, waɗanda aka yi wa aiki jiya suka dawo a duba su, kowanne da farar auduga a manne a ido ɗaya. Suka ɗago gaba ɗaya suka dube shi da idon da ya rage. Can ƙarshen barandar ya hango bayan Babban Likita, da koriyar hula, yana tura ƙofa da kafaɗa.

"Ranka ya daɗe!" ya ce, da ƙarfin da bai san yana da shi ba, tun bai san abin da zai biyo baya ba. Ya ja ƙofar ɗakinsa ya fita da sauri.